Daga Bakin Rijiya Zuwa Sandar Awo: Yadda Ake Shirya Samfurin Ruwa Don Gano Dalma, Fuloraid da Naitiret

Kusan duk zangon karatu sai wani ɗalibi ya shigo mini ɗakin gwaji a nan Gusau riƙe da gorar lemo, ya ɗora a tebur ya ce, "Malam, ga ruwan rijiyar gidanmu, a taimaka a duba ko akwai dalma." In na tambaye shi yaushe ya ɗebo, sai ya ce tun Juma'ar da ta wuce. Da me? Da gugan gida. Ina gorar ta kwana? A jakarsa, cikin mota, cikin rana. Nakan karɓa don kada in sage masa gwiwa, amma nakan gaya masa gaskiya: duk lambar da na'ura za ta ba mu ba ta rijiyar ba ce, ta gorar ce da gugan da wahalar hanya.

Ban ga laifinsu ba. Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinari mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, Allah Ya jiƙan su, kuma Bagega ba a kai ga share ƙasarta ba sai 2013. Ƙura da ƙasa ne suka fi yin ɓarnar, amma tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwa a shekarar ta samu dalmar da ta wuce ƙa'ida a wasu buɗaɗɗun rijiyoyi, ta kududdufai ta fi muni, rijiyoyin burtsatse kuma ba a same su da ita ba. Wannan bambancin bai fito ba sai don an ɗebi ruwan yadda ya kamata.

Abin da muke aunawa

Gishiri ko ƙarfe idan ya narke a ruwa yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, su ake kira ayon. Tunda suna da caji, ana iya kama su da lantarki. Hanyoyi biyu ne suka fi dacewa da ƙaramin ɗakin gwaji irin namu. Ta farko sanda ce mai zaɓen ayon guda, kamar ta fuloraid ko ta naitiret: ka tsoma, ta ba ka milibolt, ka mayar zuwa miligiram. Ta biyu ita ce tarawa da sakewa: a jawo ƙarfen da ke cikin ruwa ya manne a kan sanda, sannan a sake shi a auna lantarkin da ya fita. Da ita ake kama dalma da kadmiyam. Ƙaramar na'urar LeadCare II da aka riƙa auna jinin yara da ita a ƙauyukan nan wannan dabarar take amfani da ita, kuma jinin yara da yawa ya wuce iyakar da take karantawa, wato maikirogiram 65 a desilita, sai da aka riƙa sirka jinin.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Najeriya sun zo ɗaya a nan: dalma kada ta wuce maikirogiram 10 a lita, kadmiyam 3, fuloraid miligiram 1.5, naitiret miligiram 50. Riƙe lambar farko da kyau. Maikirogiram 10 kashi ɗaya ne cikin ɗari na miligiram guda. A wasu gidajen da aka yi niƙa, dalmar ƙasa ta haura kashi 10 cikin ɗari. Ko da kashi 1 ne kawai, miligiram ɗaya na ƙurar, abin da da ƙyar za ka gani a kan farce, ya isa ya kai lita guda ta ruwa mai tsabta iyakar ƙa'ida. Duk tsananin da za ka ji ina yi a ƙasa, daga wannan lissafin ya fito.

Mataki na farko: gora, kwana biyu kafin tafiya

Nemi gorar roba ta ɗakin gwaji, irin HDPE ko folifirofilin, mai murfin roba zalla. Banda kwalba: dalma na mannewa a jikinta, fuloraid kuma ba ya jituwa da ita. Wanke da sabulun ruwa, ɗauraye, sannan ka cika ta da asid ɗin naitirik kashi 10 cikin ɗari ta kwana ɗaya cur. Washegari a ɗauraye sau uku zuwa biyar da tataccen ruwan ɗakin gwaji, a kife ta bushe a inda ƙura ba ta kaiwa, a rufe, a saka kowace a leda mai zif.

Amma ba duka gororin ne za su shiga asid ba. Waɗanda za a zuba ruwan naitiret da fuloraid a ciki, sabulu da tataccen ruwa kawai. Ka yi musu alama da alƙalamin maka mai launi daban tun yanzu.

Maganar tataccen ruwa: ruwan batir na tasha ba shi ba ne, fiya-wata ma ba shi ba ne. Na sha tsoma mitar gudun lantarki a ruwan batir in ga ya kusa kamo ruwan famfo. Naka ya kasance ƙasa da maikirosimens 1 ko 2 a santimita, in ya haura haka ka nemi wani. Asid ɗin ma yana da daraja-daraja. Mai arha yakan zo da tasa dalmar, saboda haka in aljihu zai ɗauka, sayi wanda aka rubuta na aikin ƙarafa ne, ko da ƙaramar kwalba ce.

Mataki na biyu: a bakin ruwa

Kafin komai ka gaida masu gari. Na taɓa isa wani ƙauye bayan Anka, na fara fiddo safar hannu da sirinji ban yi wa kowa bayani ba, sai wani dattijo ya matso ya ce, "Ɗana, me za ka zuba mana a rijiya?" Na ce, "Baba, ɗiba zan yi, ba zubawa ba." Bai yarda ba sai da na jawo guga na sha a gabansa. Tun daga ranar, wurin mai unguwa nake fara sauka, in buɗe kular a gabansa ya ga abin da ke ciki.

Idan famfon tuƙa-tuƙa ne ko burtsatse mai inji, kada ka tari ruwan farko, wannan ya kwana a bututu. A buga na minti biyar zuwa goma, kana tsoma mita lokaci-lokaci, har zafin ruwan da pH (ma'aunin tsaminsa) da gudun lantarkinsa su tsaya cak. Sai dai in abin da kake zargi shi ne bututun da kan famfon, to a nan ruwan farkon safiya shi ne abin nema, ka ɗebe shi daban ka rubuta.

Buɗaɗɗiyar rijiya kuwa, kada ka yi aiki da gugan gari. Wanda aka ɗinka da tsohon tiyub yana sakin tutiya, bokitin kwano ma haka, igiyar kuma ta sha ja a ƙasa. Tafi da naka bokitin roba da sabuwar igiya. A ganina samfurin rijiya kaɗai bai isa ba: shiga gida biyu ko uku ka ɗebi na randa, da moɗar da suke sha da ita. Yaro ba daga rijiya yake sha ba, daga randa yake sha, kuma randar da ke buɗe a tsakar gidan da ake daka dutse wani ruwa ne daban.

pH da gudun lantarki a nan take ake aunawa, cikin minti 15, don ruwan ƙarƙashin ƙasa na fitowa yake fara sakin iskar da ke cikinsa, pH ya canja. Ka daidaita mita tun da safe da bafa (ruwan da ke riƙe pH a lamba ɗaya) ta 4 da 7 da 10, mitar gudun lantarki kuma da ruwan ma'auni na maikirosimens 1413. Ka rubuta zafin ruwan, don gudun lantarki na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri.

Sa sabuwar safar hannu marar hoda, ka juya wa iska baya, murfi kuma kada ya taɓa ƙasa ko gefen rijiya, a hannu ko cikin ledar. Lokacin hunturu da hazo ka buɗe gora ka rufe cikin daƙiƙu. Ɗauraye gorar sau uku da ruwan wurin kafin ka cika, in dai ba ka riga ka sa mata asid ba.

Mataki na uku: rijiya ɗaya, gora uku

Nan ne yawancin aiki ke lalacewa, saboda haka zan ɗan daɗe.

Gora ta ɗaya ta jimillar ƙarfe ce: ba tacewa, a zuba ruwan yadda yake da gurɓinsa, a sa asid ɗin naitirik mai ƙarfi har pH ya sauka ƙasa da 2. Mililita 1.5 a kowace lita yakan isa, amma ruwa mai kanwa-kanwa yana iya cin fiye da haka. Kada ka tsoma takardar pH a cikin gora, ɗiga mata ɗigo a waje. Amfanin asid shi ne hana dalma mannewa a jikin roba ko kwanciya a ƙasa. Ba tare da shi ba, cikin 'yan kwanaki wani kaso ya ɓace daga ruwan, ka auna ka ce rijiya lafiya lau.

Gora ta biyu ta narkakken ƙarfe ce: a tace da sirinji da matata mai ƙofar maikiromita 0.45, a zubar da mililita biyar na farko, sannan a sa asid. Tacewa kafin asid, ba asid kafin tacewa ba. In ka juya, asid ya narkar da abin da ke jikin laka, ya ratsa matata, ka samu lambar da ba ta wannan ba ce, ba ta waccan ba. Ruwan kududdufi na toshe matata da wuri, ka tafi da ninkin abin da ka ƙiyasta, kuma kada ka matsa sirinji da ƙarfin tsiya har takardar ta fashe.

Wace ta fi muhimmanci? In tambayarka ita ce ko ruwan nan zai cutar da mai shan sa, ta ɗaya ce. Ba wanda ke tace ruwansa da matatar 0.45 a ƙauye, kuma cikin ɗan Adam akwai asid ɗin da zai narkar da dalmar da ke jikin laka. Na ga rahotannin ɗalibai da suka tace ruwa mai kama da kunu, suka auna, suka rubuta ba matsala. Ta biyu tana gaya maka ko dalmar narkakkiya ce ko ƙura ce ta faɗa, wannan ne zai nuna ko murfi da dakali da yasa za su gyara rijiyar.

Gora ta uku ba asid ko ɗigo. Ita ce ta fuloraid da naitiret da kuloraid. A shekarata ta farko a wannan aikin na dawo daga wata tafiya ta wajen Talata Mafara, kusa da gonakin noman rani na Bakolori, da gorori goma sha biyu. Don ƙwazo na sa wa kowace asid. Da na tsoma sandar naitiret, kowane samfuri sai ya ba ni kusan miligiram 1,500 a lita. Har na fara tsara yadda zan rubuta cewa takin zamani ya gama da ruwan yankin. Wani tsohon ma'aikaci ya leƙo ya dubi lambobin, duk kansu ɗaya, ya ce, "Malam, sunan asid ɗin da ka zuba fa?" Naitirik. Ni na zuba naitiret ɗin da hannuna. Kuɗin mota da kwana biyu suka tafi a banza.

Bayan waɗannan, kowace tafiya ta samu gorar shaida: ka taho da tataccen ruwa daga ɗakin gwaji, a bakin rijiya ka juye shi a wata gora, ka tace, ka sa asid, daidai yadda ka yi wa sauran. In aka samu dalma a cikinta, hannunka ko kayanka ne suka kawo. Sannan a kowane samfuri goma, ɗebi ɗaya sau biyu.

In ɗaukar asid a hanya zai jawo maka doguwar tambaya a shingen bincike, ana iya sa wa gora ta ɗaya asid bayan an dawo, cikin mako biyu, amma a girgiza a bar ta ta kwana ɗaya kafin awo, don abin da ya manne a roba ya sauko.

Mataki na huɗu: hanya da ajiya

A sa gororin a kula mai ƙanƙara, wajen digiri 4. Ƙanƙarar a ɗaure a leda, gororin ma a leda, don ruwan da aka yi ƙanƙarar kasuwa da shi ba ka san asalinsa ba. Samfurin ƙarfe mai asid yana kai wata shida. Fuloraid kwana 28. Naitiret awa 48 kacal, don ƙwayoyin halitta na cinye shi ko su ƙara shi. Saboda haka in ka dawo da yamma, naitiret ne aikin safiya, dalma ta jira. Rubutun jikin gora ya ƙunshi gari, irin ruwan, rana, lokaci, da ko an tace ko an sa asid, kuma a rufe shi da salatif, don zufar ƙanƙara na goge rubutun.

Mataki na biyar: ƙone dattin da ke ɓoye ƙarfe

Ruwan burtsatse mai haske yakan tafi awo kai tsaye. Na kududdufi da gulbi da tsohuwar rijiya kuwa yana ɗauke da ruɓaɓɓen ganye, kashin dabbobi da sabulun wanki. Waɗannan ɓarna biyu suke yi: su rungume dalma su hana ta zuwa kan sanda, su kuma shafe fuskar sandar kamar maiƙo. Sakamakon kullum ƙasa yake yi, wato kuskuren da ya fi haɗari.

In kuna da na'urar hasken UV: mililita 10 na samfuri mai pH 2 a bututun kwaz, a ƙara maikirolita 50 zuwa 100 na haidirojin feroksaid mai kashi 30, a kunna awa ɗaya a wajen digiri 90. Kwalbar gama-gari ba ta yi, tana tare hasken. In ruwan bai washe ba a maimaita. A tabbatar feroksaid ɗin ya ƙare, ragowarsa na dagula awo.

In babu, sai faranti mai zafi a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi. Girgiza gora ta ɗaya sosai, auni mililita 100, ƙara mililita 5 na asid ɗin naitirik, rufe da gilashin agogo, a bar shi yana turiri a hankali ba tafasa ba, har ya rage 10 zuwa 20. Kada ya ƙafe ƙurmus. A huce, a tace in akwai yashi, a cika zuwa 100. Duk abin da ka yi wa samfuri ka yi wa kofi ɗaya na tataccen ruwa a gefensa, shi ne kofin shaida. Wannan hanyar na barin asid mai yawa, sai an kashe kaifinsa a mataki na gaba.

Mataki na shida: bafa, sanda, da tara dalma

Dalma da kadmiyam sun fi fitowa a bafar asitet mai pH 4.5. Haɗa mai ƙarfin mola ɗaya: giram 48 na sodiyam asitet mai ruwa uku da mililita 37 na asid ɗin asitik zalla, a cika lita ɗaya. A ƙoƙon awo, mililita 10 na samfuri da mililita 1 na bafa. Ga abin da takardun aiki ba su cika faɗa ba: asid ɗin da ka sa a bakin rijiya yana cinye fiye da rabin ƙarfin bafar, pH ya tsaya wajen 4, na faranti mai zafi kuwa ya fi haka sauka nesa ba kusa ba. Gwada a wani ƙoƙo daban, ka ga ɗigo nawa na sodiyam asitet ko sodiyam haidiroksaid zai kai ka 4.5, sannan ka yi wa na awo daidai haka ba tare da ka tsoma masa sandar pH ba.

Sanduna uku ne: ta aiki, wadda yawanci kabon ce mai santsin gilashi, ta madogara, azurfa da kuloraid ɗinta a cikin fotasiyam kuloraid mola 3, da wayar filatinam. Ta aikin a goga fuskarta a kan ƙyalle da garin alumina na maikiromita 0.05, kana zana lamba 8, minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye har ta yi ƙyalli. Ta madogara ka duba kada kumfar iska ta tsaya a bakinta, kuma kada ta taɓa bushewa, abin da zafin Maris da Afrilu ke yi mata cikin mako guda in an manta.

A da zaiba ake shimfiɗawa a kan sanda, gadon aikin Jaroslav Heyrovský wanda ya ƙirƙiro folarogirafi a 1922 ya kuma samu kyautar Nobel a 1959. Tun 2000, da Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna bismut na yin kusan aikin zaiba, ba ni ganin dalilin ajiye zaiba a ɗakin ɗalibai. Jihar da masu wankin zinari suka riga suka watsa zaiba a ƙasa ba ta buƙatar tamu. Zuba bismut a cikin ƙoƙon ya kai maikirogiram 400 zuwa 500 a lita, zai kwanta tare da dalmar.

Saita na'ura: bolt −1.2, daƙiƙa 120, maburgin maganaɗisu na juyawa. Wannan tarawar ita ce zuciyar shirin, don tana kwaso ƙarfen da ya watsu a mililita goma ta cusa shi a fuskar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. A tsayar da maburgi, a jira daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a tura bolt ɗin sama. Kowane ƙarfe zai saki sanda a wurinsa ya yi tozo a allo: kadmiyam wajen −0.75, dalma wajen −0.5, bismut can kusa da −0.1. A ƙarshe a riƙe +0.3 na daƙiƙa 30 ana burgawa don wanke sandar. In tozon ƙarami ne, ƙara lokacin tarawa zuwa 300. In ya yi ƙato ya baje, sirka samfurin.

Saurin maburgi, girmansa, da tsayin da sanda ta nutse kada su canja daga awo zuwa awo. Shi ya sa ba na yin wannan aikin a kan janareta kai tsaye: in ya yi tari, maburgi ya rage gudu, tozo ya ragu. Batir da inbata sun fi.

Abokin gaba a ruwan wuraren haƙar ma'adinai shi ne jan ƙarfe, yana rige bismut wuri ya danne tozon dalma. Ɗan fotasiyam ferosayanaid, wajen milimola 0.1, yakan ɗaure shi. In ruwan ya cika dagulewa akwai wata dabara: a shimfiɗa bismut tukuna, a tara ƙarfen a cikin samfurin, sannan a mayar da sandunan cikin bafa mai tsabta a saki a can. A yi da hanzari, iska na cin abin da aka tara.

Mataki na bakwai: lissafi ta hanyar ƙari

Kada ka gwada tozon ruwan rijiya da layin da ka zana da tataccen ruwa, cikinsu ba ɗaya ba ne. A cikin ƙoƙon samfurin kansa za ka ƙara sananniyar dalma. Uwar ma'auni: giram 1.598 na dalma naitiret a lita ɗaya mai ɗan asid ya ba ka miligiram 1,000 a lita. Daga ita ka sirka zuwa miligiram 1 a lita a ranar aiki.

Misali: samfuri ya ba da tozo mai maikiro'amfiya 2.0. Ka ƙara maikirolita 100 na ma'aunin, wato maikirogiram 0.1, ya koma 3.0. Ka sake ƙarawa, ya koma 4.0. Ke nan kowane 0.1 na ɗaga tozo da 1.0, saboda haka samfurin na ɗauke da 0.2 a mililita 10, wato maikirogiram 20 a lita, ninki biyu na ƙa'ida. Cire abin da kofin shaida ya bayar. In ƙari na biyu bai ɗaga kamar na farko ba, sanda ta ƙoshi ko ta yi datti, goge ka sake. Lokaci-lokaci ka zuba sananniyar dalma a samfuri tun kafin ƙonawa, in abin da ya dawo bai faɗa tsakanin kashi 80 da 120 ba, akwai inda kake zubarwa ko kwasowa.

Fuloraid da naitiret, daga gora ta uku

Sandar fuloraid, wadda Frant da Ross suka fito da ita a 1966, ba ta da rigima in ka ba ta ruwan haɗin da ake kira TISAB. Haɗinsa: mililita 57 na asid ɗin asitik, giram 58 na gishirin ɗakin gwaji (sodiyam kuloraid), giram 4 na CDTA a rabin lita na ruwa, a ɗaga pH zuwa 5.3 ko 5.5 da sodiyam haidiroksaid, a cika lita. Aiki uku yake yi: ya daidaita ƙarfin gishirin kowane ƙoƙo, ya riƙe pH, ya ƙwato fuloraid daga hannun alminiyam da ƙarfe. Na ukun ya shafe mu, don duk ruwan da aka sa wa alif yana da alminiyam. Rabi da rabi ake haɗawa, 25 da 25, a kofin roba, samfuri da ma'auni duka. Giram 0.221 na sodiyam fuloraid a lita shi ne miligiram 100 a lita. Sirka zuwa 0.5 da 1 da 2 da 10, ka fara daga ƙarami.

Tsakanin 1 da 10 ya kamata ka ga tazarar kusan milibolt 59 a digiri 25. A ɗakin da ya kai 35 lissafin 61 ne. Wannan ba matsala ba ce in komai zafinsa ɗaya. Matsalar ita ce ka fiddo samfuri daga firji ka auna shi da ma'aunin da ya wuni a tebur. Jera su wuri ɗaya awa guda tukuna. In tazarar ta faɗi ƙasa da 54, sandar ko ma'aunin ya tsufa.

Naitiret: mililita 2 na amoniyam salfet mola 2 a kowane mililita 100. Kuloraid na yi mata shigar burtu ya ƙara lamba, saboda haka sandar madogara ta zama mai ɗaki biyu, na waje cike da amoniyam salfet, ruwa mai zartsi kuma a sa masa azurfa salfet ya kwantar da kuloraid ɗin. Ka lura da abin da mitarka ke rubutawa: miligiram 50 na naitiret daidai yake da 11.3 in da naitirojin ake ƙirga. Rijiyar da ke kusa da masai ko turken dabbobi ita ce abar zargi, jarirai kuma su ne ke cikin haɗari.

Zaiba da arsenik ba sa bin wannan tsarin, sandar zinari suke so, zaiba kuma gorarta da abin adana ta daban ne.

Bayan awo

Ragowar ma'aunin dalma da duk abin da ya fito daga ƙoƙo a tara a jarka mai murfi da rubutu, ba a kwata ba. Duk samfurin da ya haura 10, ko ya tsaya tsakanin 7 da 10, ka sake ɗebowa, ka kuma aika ragowar gora ta ɗaya wani ɗakin gwaji mai babbar na'urar auna ƙarfe, AAS ta tanderun girafait ko ICP, a tabbatar. AAS mai harshen wuta ba ta gani a wannan ƙanƙantar, in ta ce ba ta samu ba, ba wanke rijiyar ta yi ba.

Kafin tabbacin ya dawo, ka koma wurin mai unguwa da jami'in lafiya na yankin ka faɗa musu abin da ka gani. Tambayar farko da za a yi maka ita ce, "To in mun tafasa fa?" Ka ce a'a: tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da fuloraid da naitiret suna nan, ƙaruwa ma suke yi in ruwan ya ƙone. Ruwan sha da na girki da na dama kokon yara a koma burtsatsen da ka auna ka ga ya fita, a rufe randa, a kuma ɗauke daka da wankin dutse daga kusa da rijiyar.